AUTAR IYA A KAN ƘANƘARA

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina kika shige", ku sassauta, ga ni. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muka kwana: Iya ta zo Kuala Lumpur wankan jegon autarta Bashira, ko zama ba ta gama yi ba korona ta sa aka rufe ƙasa. Haka ta maƙale a ɗan gidansu na Pantai Dalam, ita da surukinta Tajuddeen da jaririya Rufaida. Yanzu jirage sun fara sauka a gida, Iya tana haɗa kaya. Bashira ta gama digirinta na uku. Akwai kuma wata magana da ita da mijinta suke ta ɗagawa, yau gobe, sun kasa faɗa wa Iya.

*

Tun daga bakin lif Bashira ta ji warin Dettol.

Ta janye takunkumin fuskarta ta dubi Tajuddeen. Yana fama da ledojin tsarabar da suka kwaso daga kasuwar Chow Kit, ga ƙunshin shinkafar da suka sayo a gidan abinci a rataye a ɗan yatsansa.

"Abban Rufaida, daga gidanmu wannan warin yake fitowa?"

"Ƙila Iya ce ta sake wanke ƙofa."

Ba ƙofa ba ce.

Suna shiga suka tarar an ture teburin falo gefe. A tsakiyar ɗaki ga wasu dogayen jakunkuna baƙaƙe guda uku, an jera su reras, sun jiƙe sharkaf da feshi. Iya tana zaune a kujera da takunkumi a fuska, Rufaida a goye, carbi a hannun dama, kwalbar feshi a hagu.

"Sannunku da dawowa," in ji Iya. "Kada wanda ya taka."

Ledar tsaraba ta suɓuce daga hannun Tajuddeen.

"Kai! Yau ya aiko? Gobe fa muka yi da shi!"

"Au. Ashe ka san da su."

Da can Iya ko ido ba ta haɗawa da surukinta. Amma kulle a gida mai ɗaki biyu ya cinye rabin kunyar, yanzu har musu suke yi a kan gishirin miya.

"Wani mutum ne ya kawo," ta ci gaba, "yana ta boleh boleh, ya ɗauki hotona da su ya yi gaba. Ni dai na ga abu dogo, baƙi, a zuge, har uku, a wannan zamani na annoba. Sai da na yi salati kafin na taɓa."

"Iya, ai ba gawa ba ce," in ji Tajuddeen.

"Na sani yanzu, na leƙa ɗaya. Katako ne. Gado za ku haɗa?"

Bashira ta matso kusa. Tun da idonta ya sauka a kan jakunkunan ta kasa ɗauke shi. Ta san wannan tsawon. Ta san wannan siffar ko a mafarki.

Ta durƙusa, ta ja zif.

Wasu dogayen alluna biyu suka bayyana, sirara, masu sheƙi, bakinsu ya ɗan lanƙwaso sama. Ba ta san lokacin da ta ɗora babban yatsanta a kan ƙarfen gefen ba, tana jin kaifinsa.

"Taj..." Ta tuna Iya na wurin, ta gyara. "Abban Rufaida, me ka yi?"

Ya sosa ƙeya, murmushi yana ƙwace masa.

"Congratulations, Dokta. Tukwicin gama karatu ne. Akwai wani dattijo a Sri Petaling, Uncle Loh, kayan sanyi yake sayar wa masu tafiya Japan. Korona ta hana kowa tafiya, yana so ya rage kaya. Ya ce in kawo miki uku, ki zaɓi ɗaya, a mayar masa da biyu."

Idon Bashira ya ciko. Ta rufe baki da hannu.

"Ta zaɓi me?" in ji Iya. "Na mene ne?"

Tajuddeen ya yi gyaran murya.

"Na... na motsa jiki ne, Iya."

"Kai Malam, kada ka fara. Tuwo nawa muka ci da kai a gidan nan? Na san fuskarka in za ka yi kwana." Ta juya. "Auta, ke nake saurare."

Bashira ta ɗago allo ɗaya ta nuna mata.

"Ski ake ce masa, Iya. Ana ɗaura shi a ƙafa, a hau can saman dutse, a zamo ƙasa a kan dusar ƙanƙara."

"Wa ke zamowar?"

"Mutane."

"Waɗanne mutane?"

"...Ni."

Iya ta sauke takunkuminta a hankali.

"Ke."

"Lokacin da nake digirin farko a Turkiyya ne. A Erzurum. Dutsen yana nan a bayan gari, daga tagar ɗakinmu ana hango shi. Wata 'yar ɗakinmu ce ta ja ni shekarar farko, na yini ina faɗuwa. Na rantse ba zan koma ba. Satin gaba ni na tashe ta."

"Hotunan da kike turo min fa? Kullum kina ɗakin karatu, kin ƙudundune a bargo, kina cewa ko ƙofa ba kya leƙawa saboda sanyi?"

"Ina karatun ma, Iya."

"Har gasa ta ci," in ji Tajuddeen. "Ta ɗalibai. Ta zo ta biyu."

Bashira ta watsa masa harara. Ya kama bakinsa.

Iya ta kalli jakunkunan. Sai ta ɗaga kai ta dubi fankar da ke juyawa a sama, ta dubi gumin da ke tsatsafowa a goshin surukinta.

"To ku tsaya. A garin nan in aka kashe fanka mutum narkewa yake yi. A Kano kuma ba mu da ƙanƙara sai ta firji. Ina za ki hau wannan abin?"

Nan fa ido ya raina fata.

Tajuddeen ya dubi Bashira. Bashira ta dubi tayil.

"Dama yau muka yi niyyar faɗa miki, Iya. Shi ya sa muka sayo shinkafar da kike so."

"Shinkafa ta jira."

"Jami'ar da na yi a Turkiyya ce ta ba ni aiki. Bincike ne a kan ruwan sha, na shekara biyu. Janairu zan fara. Shi kuma Abban Rufaida rubutun digirinsa kawai ya rage masa, ko'ina zai iya ƙarasawa tun da komai ya koma ta kwamfuta."

"Ba gida za ku biyo ni ba ke nan."

"Za mu zo, Iya, amma..."

Iya ta ajiye kwalbar feshin. Ta miƙe, ta gyara goyon Rufaida ta ƙara ɗaure shi tamau, ta wuce baranda. Ta ja ƙofar gilas ta rufe.

Tajuddeen ya zube a kujera.

"Wallahi gobe muka yi da shi. Na ɓata komai ko?"

"Ka ɓata," in ji Bashira. Ta share ido. "Amma ban taɓa samun kyauta irin wannan ba. Zauna nan, kada ka sake cewa komai."

*

Hadari ya haɗo ta wajen jami'a. A ƙasa jirgin ƙasa yana wucewa kusan wayam, mutum ɗai-ɗai a tagogi. Iya ta jingina da ƙarfen baranda tana jijjiga Rufaida, duk da yarinyar barcinta take sha.

Bashira ta tsuguna a gefen ƙafarta.

"Iya, ki yi haƙuri."

"Na faɗa wa maƙota zan kawo musu jikata su gani. Tun ranar da ta faɗo duniya a bayana take kwana. Ke nono kawai kike bayarwa."

"Haka ne."

"Amma ba wannan ya fi min ciwo ba. Tafiya ai kin saba, ni na raka ki filin jirgi kina yarinya ƙarama, ban hana ki ba. Ɓoyewar ce. Shekara da shekaru kina da abin da ke faranta miki rai haka, uwarki ba ta sani ba?"

"Hawan jininki na duba, Iya."

"Hawan jinin ne ya haife ki?"

Dariya ta kusa suɓuce wa Bashira, ta danne.

"Na ga fuskarki da kika buɗe jakar nan," in ji Iya, muryarta ta sauko. "Ko ranar da aka ce kin zama dokta ba ki yi wannan fuskar ba."

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo. Iya ta ja baya kaɗan don kada ya taɓa goyon.

"Akwai hoto?"

"Akwai bidiyo."

"Nuna min."

Bashira ta lalubo shi a waya, ta miƙa mata.

Farin dutse ne ya cika fuskar wayar, fari tas har yana kashe ido. Can sama wani ɗan jan ɗigo ya ɓullo. Ya yanko dama, ya yanko hagu, yana ƙara girma, farar ƙura tana tashi a bayansa.

"Innalillahi," in ji Iya. "Wannan ai mota ce."

Ɗigon ya zama mutum cikin jar riga da hular kwano. Ya kwanta gefe har hannunsa ya kusa shafar ƙasa, ya miƙe, ya kwanta ɗaya gefen.

Bashira ta lura kafaɗar Iya ta fara bin sa. In ya yi dama ta yi dama.

"Kwanta hagu!" Iya ta daka tsawa. "Hagu, ga tudu nan! Yauwa!"

Rufaida ta firgita ta buɗe ido.

Mai jar rigar ta iso gaban kyamara ta taka birki, dusa ta watsu ta rufe komai. Da ta lafa, ta ɗage gilashin fuskarta. Bashira ce, hancinta ya yi ja, baƙin hijabi ya leƙo ta ƙarƙashin hular, tana dariya har ana ganin dasashinta.

Iya ta daɗe tana kallon fuskar.

"Mayar da shi farko."

Ta mayar.

Wannan karon Iya ba ta yi salati ba. Da ya ƙare sai ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci, irin wadda Bashira ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Kin san falalen dutsen da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Birnin Kudu?"

"Wanda ake shanya dawa?"

"Shi. Ta bayansa akwai gangare, sumul kamar an shafa mai. Muna yara, busasshiyar fatar tunkiya muke samu, mu zauna a kai mu riƙe gefe, a turo mu daga sama. Maza suna kai rabi suke sa ƙafa su tsaya. Ni ban taɓa sa ƙafa ba. Sai na dangana da yashin ƙasa."

"Iya! Ke?"

"Ni. Ga shaida nan." Ta ɗage hannun rigarta ta nuna wani tsohon tabo a gwiwar hannu. "In iska ta cika miki kunne, ba kya jin kiran kowa. Haka naku yake?"

"Haka yake, Iya. Wallahi haka yake."

"Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," aka ce daga bayansu.

Tajuddeen ne, ya ɗan zuge ƙofar gilas ya saƙo kai.

"Wa ya sa da kai?" suka haɗa baki.

Sai dukansu suka kwashe da dariya, har Rufaida ta taya su da nata gwarancin.

Iya ta goge ido da gefen mayafi.

"Shekara biyu kuka ce. Kowace babbar Sallah a gidana za ku yi ta. Kuma in sanyi ya taɓa min yarinyar nan, da ƙafata zan zo in ɗauke ta."

"Mun yarda."

"To ku wuce mu ga katakon. In za a yi abu, a yi shi da kyau."

*

Suka baje jakunkunan uku. Tajuddeen ya kira Uncle Loh ta bidiyo, ya jingina wayar da filas ɗin shayi. Wani dattijo ɗan siriri ya bayyana, takunkumi a haɓa, bayansa rigunan sanyi a jere babu mai saya.

"Hello boss! Kaya sun iso? Na ce gara yau lah, gobe mai motar ba ya nan."

"Sun iso, Uncle. Sun iso sosai."

Tajuddeen ya yi wuf ya zaro na farko, fari mai zanen furanni.

"Wannan na zaɓar miki a raina. Ba nauyi, ga laushi. Uncle ya ce ba ya gardama."

Bashira ta tsayar da shi a gabanta. Iyakarsa haɓarta. Ta riƙe bakinsa da hannu ɗaya, ta danna tsakiyarsa da ɗaya hannun. Ya lanƙwashe kamar tsumagiya.

"Yana da kyau," ta ce a hankali. "Amma na mai koyo ne. In na sake masa gudu a kan ƙanƙara mai tauri, bakinsa zai kama karkarwa, ya ƙwace min."

"To ki daina gudun mana."

Bashira ta dube shi. Iya ma ta dube shi. Ya mayar da farin cikin jakarsa ba tare da an ce masa komai ba.

"Madam," in ji Uncle Loh da Turancinsa na kasuwa, "mijinki ya ce kin ɗan iya kaɗan-kaɗan. Wace hanya kike bi a dutse? Shuɗiya? Ja?"

"Baƙa, Uncle. In dusa ta yi kyau kuma ina fita gefen hanya."

"Aiyo! Baƙa? Boss, ka yaudare ni lah! Baƙa ai ita ce ta ƙarshe, ta waɗanda suka ƙware!"

"Me yake cewa?" in ji Iya.

"Wai na rage mata daraja."

"Gaskiya ya faɗa."

Bashira ta ciro na biyu. Wannan shuɗi ne, faffaɗa, kusan faɗin tafin hannun Tajuddeen.

"Shi ne nawa," in ji Uncle Loh, yana dafa ƙirji. "Faɗin tsakiyarsa milimita ɗari da takwas. A Hokkaido, can Japan, dusa tana kai wa mutum ƙugu, wannan yawo yake a samanta."

"Kamar kwalekwale," Bashira ta fassara wa Iya. Ta shafa shi, ta juya shi, ta yi ajiyar zuciya. "Ina son sa. Amma dutsenmu ba haka yake ba. Iska gare shi. Da safe hanya a daddaɓe take, ta yi tauri kamar siminti. Kafin in juya wannan daga gefe zuwa gefe, gwiwata ta gaya min. Ranar da sabuwar dusa ta zuba kaɗai zan ji daɗinsa, kuma ba kullum take zuba ba."

"Takalmin Sallah ke nan," in ji Iya. "Ba na zuwa kasuwa ba."

"Shi ke nan, Iya."

Saura ɗaya.

Kore ne mai duhu, babu ado ko kaɗan. Da ta ɗaga shi sai da ta ƙara hannu. Ta tsayar da shi, ya kai mata tsakar ka. Ta danna tsakiyarsa, da ƙyar ya ɗan rusuna, ya dawo da ƙarfi har ya yi wata 'yar ƙara.

Ta sake dannawa.

"Wannan faɗinsa tis'in da huɗu ne," in ji Uncle Loh. "All-mountain. Na ko'ina ne. Shimfiɗar ƙarfe biyu ce a cikinsa. Da safe ya ciji ƙanƙara, da rana in mutane sun tattake hanya ta yi rugu-rugu ya ratsa ta, in kin fita gefe kuma bakinsa a ɗage yake, ba zai nutse ba."

"Ya kai tsawonki fa," in ji Tajuddeen.

"Daidai yake. Gajere juyi yake da sauƙi, dogo kuma shi ke zama daram in gudu ya yi gudu."

"Kin sake cewa gudu."

"Na sake."

Uncle Loh ya matso da fuskarsa kusa da waya. Wasa ya bar muryarsa.

"Madam, in faɗa miki gaskiya. Wannan ba ya yafiya. In ƙafarki ta gaji kika zauna baya, shi zai tuƙa ki, ba ke za ki tuƙa shi ba. Yaushe rabonki da dutse?"

"Tun kafin in yi aure."

"Ga shi kin haihu. Ni dai ba na so in sayar miki da abin da zai kai ki asibiti. Ki yi tunani lah."

Bashira ta dubi koren. Ta dubi Rufaida da ke leƙowa ta kafaɗar Iya. Hannunta ya ɗan saki.

"Ƙila gaskiyarsa ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ƙila ba ni ce ta cikin bidiyon nan ba yanzu."

"Me ya ce?" in ji Iya.

Tajuddeen ya fassara mata.

Iya ta miƙe tsaye. Ta zo gaban wayar ta sunkuya har goshinta ya cika fuskar.

"Faɗa masa ni na yi mata wankan jego da hannuna. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, babu fashi. Ƙashinta ya koma ya fi na da. Faɗa masa daga gobe ta daina hawa lif, matakala za ta dinga bi har saman benen nan da yarinya a baya, ni zan tsaya a kanta kafin in tafi. Faɗa masa!"

Tajuddeen ya faɗa, yana haɗa wankan jego da Turancin da bai ishe shi ba. Uncle Loh ya saurara, ya gyaɗa kai da sauri.

"Confinement! Mu ma muna yi! Uwata ta yi wa matata, har yau ta fi ni ƙarfi." Ya ɗaga babban yatsa. "To Mama ta ce boleh?"

Iya ta gyara tsayuwa. Kalmar Malay ɗaya tak ta koya a duk zamanta, mai nufin "za a iya", yau ta samu wurin kashe ta.

"Boleh!"

Falon ya kaure da shewa. Bashira ta rungume koren allon, ta saki, ta rungume Iya da goyonta gaba ɗaya.

"Za ki karya min wuya, sake ni."

Da suka yi sallama da Uncle Loh, Iya ta sunkuya tana nazarin wasu ƙarafa da ke manne a tsakiyar allon.

"To nan ake sa ƙafa? Da silifas?"

"Akwai takalminsa na musamman."

"Sai an saya shi ma?"

Bashira ta yi tsuru-tsuru.

"Ina da nawa. Yana... yana ɗakinki."

"Ɗakina?"

"Kwalin nan da ke gefen katifarki. Wanda aka rubuta littattafai."

"Wanda nake ɗora filas da maganina a kai?"

Tajuddeen ya riga ya faɗa ɗakin yana ƙyaƙyata dariya. Ya dawo da wasu jibga-jibgan takalma na roba mai tauri, jajaye, kowanne da maɗauran ƙarfe. Iya ta ɗaga ɗaya ta auna nauyinsa.

"Wannan ai turmi ne." Ta juya shi ta leƙa ciki. Ta dubi ƙafarta. Ta dubi ƙafar Bashira. "Ƙafarmu ɗaya da ke ko?"

"Iya..."

"Tambaya na yi."

"Ɗaya ce."

"Karɓi yarinyar nan, Malam."

Ta kwance goyo ta miƙa wa Tajuddeen. Ta zauna, ta tattare zaninta zuwa ƙwauri. Bashira ta durƙusa tana tura mata ƙafa, tana ɗaure maɗauran, dariya ta hana ta ganin abin da take yi. Ta shimfiɗa allunan a kan darduma, ta gyara ƙarafan su yi daidai da takalmin, ta kama hannun Iya ta tsayar da ita.

"Sa yatsu a gaba. Yanzu taka dunduniya da ƙarfi."

Ƙwas!

"Ɗayar."

Ƙwas!

Ga Iya tsaye a tsakiyar falo, atamfa da mayafi, carbi a wuya, ƙafafunta a kan dogayen alluna kore. Ta ɗan lanƙwasa gwiwa. Ta karkata hagu. Ta karkata dama.

"Haka?"

"Wallahi haka, Iya! Wa ya koya miki?"

"A bidiyo na gani. Malam, ɗauko wayata ka ɗauke ni. Ni kaɗai zan dinga kallo."

Tajuddeen ya saɓa Rufaida a kafaɗa, ya ɗauko wayar Iya daga kan kujera.

"Saura Baba," in ji Bashira, dariyarta ta ɗan ragu. "Ban san ta inda zan fara masa ba."

"Babanki ki bar min shi. Sai na koma, na yi masa dambun da yake so, ya ci ya ƙoshi, sannan in kawo maganar a hankali. Malam Datti ba a yi masa gaggawa. Kafin nan kada wanda ya ce masa uffan."

"To, Iya, kalli nan," in ji Tajuddeen. "Ɗaya, biyu..."

Wayar ta ɗau ruri a hannunsa.

Ya dubi fuskar wayar. Murmushinsa ya ɗauke.

"Baba ne. Bidiyo."

"Kada ka ɗauka! Auta, cire ni daga abin nan!"

Amma Rufaida ta riga ta miƙo hannu ta dafa wayar da tafinta mai yawu.

"Salamu alaikum!" Muryar Malam Datti ta cika falon, cike da fara'a. "Ina mutanen Malesiya? A'a, Tajuddeen, kai ne? Juyo min da su, albishir gare ni!"

Tajuddeen ya rasa yadda zai yi. Ya juya wayar.

Iya ta ƙame. Bashira tana durƙushe a ƙafarta, hannu a kan ƙarfen da ya ƙi buɗewa.

"Auta, goro nawa za ki ba ni? Aikin koyarwar nan da kika nema bara a jami'armu, yanzu aka kira ni. An ɗauke ki! Janairu za ki fara. Na riga na ce musu 'yata tana nan tafe, har na sa an fara fentin ɗakin..."

Ya tsaya.

Ya gyara gilashinsa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa wayar.

"Turai," ya kira Iya da sunanta na yanka, a hankali. "Mene ne wannan a ƙafarki?"